Wata Nawa Citta Ke Yi a Ƙasa?

Leeds, 9 ga Maris, 1998

Yaya Milka,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya Baba da Mama da mutanen Kwoi? Ni lafiya lau, sai dai kaina ya ɗaure.

Oga ya ce shirin kwamfutar da nake rubutawa yana aiki, amma a hargitse yake. In ban gyara ba, za su sallame ni. Na so masana a intanet su duba mini, amma na sa hannu ba zan fitar da sirrin kamfani ba. Sai na ɓad da kamarsa, na mai da shi kamar shirin lissafin noman citta, daga shuka har shanya, na tura.

Mutum bakwai suka amsa. Wannan ya ce ya yi, wancan ya ce in rushe in sake. Wa zan bi? Wani ɗan Indiya kuma ya ce citta ba ta ƙosawa a wata huɗun da na rubuta, ko ban taɓa shiga gona ba ne?

Yaya, na yi ta tunani, na kasa tunawa. Ki tambayar mini Baba, amma kada ki ce ni ne.

Ubangiji ya kiyaye ku.

Ƙaninki,
Kumai