Na Manta Ni Koci Ne

Al Wakrah, Qatar

Yaya Haulat,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Ki ce mata gwiwata ta yi sauƙi, sai dai wajen hawa bene.

Kin san shekara goma sha ɗaya ina buga rugbi, wasan nan da kike kira kokawa da ƙwallo. Da gwiwa ta ƙi shekara biyu da suka wuce, kulob ɗinmu ya mai da ni koci. Aikina in tsaya bayan layi ina ihu.

To, ranar Juma'a ana tsakiyar wasa, wani ƙato cikin abokan karawarmu ya ɓalle da ƙwallo ta gabana, ba mai tare shi. Wallahi ban san lokacin da na faɗa fili na rungumo ƙafafunsa muka zube ba. Ga usur a wuyana!

An dakatar da ni, jibi zan zauna gaban kwamiti, ban san ko aikin zai tsira ba. Ki sa ni a addu'a, amma kada Inna ta ji.

Na rasa gane kaina, Yaya. Kunya ya kamata in ji, amma rabona da jin daɗi irin na wannan ranar shekara biyu ke nan.

Ƙaninki,
Ɗalhatu