Kunun Inna da Injin Gudu

Harra ta Yamma, Madina,
9 ga Safar.

Zuwa ga uwargida Tasallah,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Inna da 'yarmu Suhaila da duk mutanen gidanmu na Kazaure. Ni da sauƙi, amma raina a ɓace yake. Na zaɓi takarda ne don na san halin wayarki: duk saƙon muryar da na turo a tsakar gida ake kunna shi, har maƙwabta su sa baki.

Sharikarmu, wato kamfanin da nake tuƙa wa bas, ta tura mu direbobi gwajin asibiti. Likita ya ce ina da ciwon suga, jinina ya hau, nauyina kilo ɗari da ashirin da takwas. Mudir, wato shugabanmu, ya ba ni wata uku. In aka sake aunawa sugan bai sauka ba, za a karɓe makullin bas. Shekara goma sha ɗaya ina kwasar masu harami daga miƙatin Bi'ir Ali zuwa Makka, ko akuya ban taɓa bugewa ba, amma yau tumbina ne laifina.

Don haka na shiga nadi, wajen motsa jiki da ke unguwarmu. Akwai wani injin gudu, bel ne yake juyawa a ƙarƙashin ƙafarka, kana ta sauri ba ka zuwa ko'ina. Duk cikin injinan guda ɗaya ne zai iya ɗaukata, shi ma can a kusurwa. Mai kula da wajen, Hamid, sa'ana ne, jikan Kanawa, in yi masa Hausa ya amsa mini da Larabci. Ya ce in fara da tafiya. Na ce masa ni ba tsohuwa ba ce, na danna lamba takwas. Ko minti ɗaya ban yi ba injin ya watso ni ƙasa kamar buhun masara, a gaban wasu samari masu ƙugu kamar muciya. Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi shirun ya fi dariyar ciwo.

Yanzu tafiya nake yi, ina riƙe da ƙarfen gefe. Gwiwoyina suna kuka, cinyoyina sun saɓe, na tsani madubin da suka kafa a gabana.

Ki rufa mini asiri, kada Inna ta ji maganar ciwon nan. Kin san suga ne ya ɗauke Baba, ba za ta iya ɗauka ba. Na hana ki, ko da wasa.

Ki gaishe da kowa.
Mijinki,
Abdulmajid.

22 ga Rabi'ul Awwal.

Tasallah,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin Inna, yaya karatun Suhaila?

Sati shida ke nan ban yi fashi ba. Hamid ya dube ni da kyau, ya ce in bar dukan bel da dunduniya, in taƙaita taku, in saki ƙarfen. Tafiyar minti biyu, sassarfa ta rabin minti, haka muka fara. Jiya na yi gudun minti huɗu ba tsayawa. Kilo bakwai sun tafi. Shinkafar bukhari da nake cinye faranti guda ni kaɗai, yanzu ko ƙofar shagon ba na bi.

Murna ce ta sa na turo muku hotona, ashe masifa na jawo wa kaina. Wai Inna ta yini tana kuka, wai wuyana ya fito. Kawu ya kira ni yana tambaya ko an kore ni daga aiki ne. Wani ma ya ce ko asiri aka yi mini. Haba jama'a! Mutum yana nema wa kansa lafiya, ku kuna zaman makokinsa? A garinmu in ba ka da tumbi ba ka ci riba a Saudiyya ba, ko da tumbin ne zai kai ka kabari. Abin ya ƙona mini rai matuƙa.

Saƙon da Inna ta ba Hajiya Sa'adiya da ta zo Umra ya iso, garin kunun gero leda biyu. Ki yi mata godiya. Kofi ɗaya nake damawa da safe, ba sukari, kafin in tafi nadi. Ƙanshinsa kaɗai yana kai ni gida.

Naki,
Abdulmajid.

17 ga Rabi'us Sani.

Tasallah,

Ina gaishe ki ne kawai don addini ya ce a yi sallama.

Tun da na fara shan kunun nan komai ya juye. Yunwa kamar an buɗe rami a cikina. In ci, in tashi, in sake nema. Fuskata ta kumbura ta yi zagaye, kilo bakwai sun dawo har da ƙarin biyu. Ƙishirwa ba ta yankewa, a hanyar Makka sai na tsayar da bas sau uku don fitsari, mahajjata suna talbiyya ni ina neman bayan gida. Na ƙara gudu, na ƙara lokaci, har gwiwar hagu ta kumbura. Na zagi injin. Na yi wa Hamid rashin mutunci a gaban mutane, na ce bai san aikinsa ba, bawan Allah sai ya miƙo mini ruwa. Na zagi kaina fiye da kowa, na ce ni ne rago marar zuciya.

Da na koma asibiti, likita ya dubi fuskata ya tambaye ni wace ƙwaya nake sha ban da tasa. Na rantse masa babu. Ya ce wannan kumburin ya san shi, na maganin ƙiba ne, kuma yana tayar da suga kamar wuta a bushiyar ciyawa. Na dawo ɗaki, na zazzage ragowar garin a rariya na tankaɗe. Ga su nan a saman rariya, gutsattsarin fararen ƙwayoyi da turmi bai cinye ba. Sha-ka-fashe, Tasallah. Abin da 'yan mata suke sha kafin biki, shi na yi wata guda ina karyawa da shi.

Inna ba ta iya ɗaga taɓarya, wannan kowa ya sani. To wa ya daka? Ke kaɗai ce a duniya na gaya wa ciwona. Ke kika karanta da idonki cewa aikina a kan wannan gwajin yake. Saura kwana ashirin da biyu a sake auna ni, kuma likita ya ce ba a yanke irin wannan ƙwaya rana ɗaya, sai a hankali. Ki ba ni amsa a rubuce. Kada ki kira ni, don ban yarda da bakina ba.

Abdulmajid.

14 ga Jumada Ula.

Zuwa ga Tasallah,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun wayi gari lafiya, ke da Inna da 'yata.

Takardarki ta iso, na karanta ta sau uku, kowane karo da irin fushinsa. Kin ce Inna ce ta aika kemis, aka ce mata maganin ƙarin jini ne da buɗe ciki. Kin ce jikinki ya ba ki, har kika buɗe baki za ki yi magana, sai ta tambaye ki ko daɗi kike ji ɗanta yana ramewa a ƙasar mutane. Hujja ɗaya gare ki da za ta tsayar da ita, ni kuma na ɗaure miki baki a kanta. Sai kika karɓi taɓarya. To me ya hana ki gaya mini ni? Kin ce kin ji kunyar kai ƙarar uwa wajen ɗanta. Wannan kunyar ban yafe ta ba tukuna, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na zauna na nemi wanda ya fara ɓoye-ɓoyen nan, sai na tarar da sunana.

An auna ni ranar Lahadi. Ban ci gwajin ba. Mudir ya karɓi makullin a gaban sauran direbobi. Likita ya rubuta musu bayani, shi ya sa ba a soke iƙamata ba, wato takardar izinin zamana, an mai da ni filin ajiye motoci na Bi'ir Ali. Ina tsaye a rana da tuta a hannu, ina nuna wa wani inda zai ajiye bas ɗina. Sun ce bayan wata shida za su sake dubawa, ba su yi alkawarin komai ba.

Na je na ba Hamid haƙuri. Ya mai da ni farko, tafiyar minti biyu, sassarfa ta rabin minti. Ina yi ina cizon haƙora.

Ga abin da nake so. Ki sami Inna ita kaɗai, ki gaya mata ina da suga, ina shan magani, kuma ramar da za ta gani nan gaba likita ne ya sa. Ta yi kukanta, na fi son wannan kukan. Kada ta sake aiko da komai sai addu'a. Amma maganar bas da abin da ƙwayoyinta suka yi, wannan nauyina ne, ban ɗora miki ba. In ta tambaye ki, ki ce ta tambaye ni. Za ta kira, na sani, za ta ce yaya kunun. Har yanzu ban san abin da zan ce wa uwata ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.
Mijinki,
Abdulmajid.