Na Daina Turara Maka Kaftani

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan randata a watan bazara, Haisam, Abban Safiya.

Ina yi maka sallamar wadda ke kewarka alhali rufi ɗaya ya rufe ku. Na zaɓi takarda ne domin duk sa'ad da na buɗe baki sai ka yi mini murmushin nan, ni kuma sakarya, maganar ta narke kamar man shanu a miya mai zafi.

Ka tuna ranar da ruwa ya tsare ni a Gyaɗi-Gyaɗi, ina ɗalibar jinya, farin takalmina ya sha taɓo? Masu adaidaita sahu suka yi ta wucewa, kai ka tsaya, ka cire hularka ka goge mini kujera. Wane mai hankali ke goge kujera da zanna bukar? Har ƙofar asibiti ka kai ni, kana kauce wa ramuka, hannunka ko gezau. Wayyo hannun nan! Jiya na ga ya kasa kai kofin shayi baki.

Masoyina, yau zan kira abin da sunansa: giya ce. Shekara biyu ina sane da gorar zoɓon da ke ƙarƙashin kujerarka, wadda rabonta da zoɓo an daɗe. Shekara biyu ina turara maka kaftani, ina ba ka kanumfari ka tauna kafin ka je gaida Hajiyarka a Babban Giji. Har yabona take yi, wai ɗanta ya dace da mace mai tsabta! Na ɗauka asirinka nake rufawa. Ashe gyambo nake lulluɓewa da zane, yana ci ta ciki.

Na san ka yi ƙoƙari. Da aka ga watan azumi ka rantse ka daina, kai kaɗai, farat ɗaya. Rana ta uku, gab da shan ruwa, ka yanke jiki ka faɗi a tsakar gida kana jijjiga, kana ihu kunamu na bin bango. 'Yarmu ta ɓuya bayan ƙofa tana kuka. Hajiya ta ce aljanu ne, aka ɗauko Malam Lawan ya yi ta ruƙiyya. Ni kuwa na sha ganin wannan a gadon asibiti. Na san jikin da ya saba da giya ne aka yanke wa lokaci guda, na kuma san yana kisa. Amma na tsaya ina riƙe wa Malam kwanon rubutu, bakina gum. Na fifita sunanka a kan ranka! Allah ne ya tashe ka, babu hannuna, kuma washegarin sallah ka koma wa gorar.

Wannan shirun ya hana ni sukuni. In ka sake gwadawa kai kaɗai, wa ya ba ni tabbacin za ka tashi?

Ka ce ba ka zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa, wai kai ba mahaukaci ba ne. Wa ya ce kai ne, farin cikina? Kwanaki za a kwantar da kai, a ba ka maganin da zai sauko da jiki sannu a hankali, a duba hanta, sannan ka riƙa zama da mai ba da shawara da waɗanda suka riga ka fita daga ramin. Malam ya ci gaba da addu'arsa. Addu'a da allura ba su taɓa yin faɗa ba.

Ko tsoron abokan aikina kake yi? Ni ma na ji shi, shi ya kawo mu nan. Na buɗe maka kati da cikakken sunanka, a hannun matar da ta ci shinkafar bikinmu. Ranar ganin likita Alhamis ce, da hantsi. Zan sa fararen kayana, in riƙe hannun nan mai rawa, mu shiga ta babbar ƙofa. Gobe kuma zan durƙusa gaban Hajiya in faɗi gaskiya, ko kana wurin ko ba ka nan. Ka yi fushi, ka ƙaurace wa tuwona in ka so. Gara in sha fushinka da in yi maka takaba.

Katin yana aljihun shuɗin kaftaninka. Na wanke shi, na goge, amma ban turara ba.

Taka ce ni, ka miƙe ko ka sake tuntuɓe, har ranar da za a ɗauki ɗayanmu,

Ummulkhairi,
Tarauni.