Awakin Matan Fassi

Rano, Litinin.
Aikin farko: kunna janareta, fitar da jerin awakin rigakafi.

Zuwa ga matata Saude, Maman Hidaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Hidaya da mutanen gidan Yaya Khadijatu. Yaya karatun, yaya zafin Kano? Tarin Hidaya ya lafa kuwa? Ki yi haƙuri da layin da ke sama, daga littafin aikina na yago takardar.

Kwana uku ke nan ina fama da abu ɗaya. Kin san Lukman, wanda ya gina wa ƙungiyarmu ta masu kiwo shafin da muke rajistar mutane da awakinsu. Kafin ya koma Legas ya bar min umarni biyu. Ina buɗe baƙin allo in rubuta sunan umarnin, kwamfuta ta yi aikin. Ɗaya yana fitar da jeri don likitan dabbobi, ɗaya yana aika wa mutane saƙo ta waya.

To, Malam Ramalan mai shago a Fassi ya kira ni yana faɗa, wai kowace sanarwa sau ashirin da uku take shigo masa, ko mun ɗauka kurma ne shi. Na duba, na ga lambarsa ta cika jerin. Sai na ce bari in rubuta umarni na kaina, wanda zai bar layi ɗaya ga kowace lamba, ya share sauran. Na kwaikwayi na Lukman, na sa masa suna share_maimai.

Ya ƙi tashi. Kwamfuta ta ce ba ta san wannan umarni ba. Na bi shi harafi-harafi, na sauya masa folda sau biyu. Yanzu har na Lukman ma ta ce ba ta san su ba. Ga shi Malam Ishiyaku, likitan dabbobi, yana jiran jerin jibi, don da shi zai san kwalabe nawa zai karɓo. Allurar kuwa ranar Asabar ce, kuma kin san yadda cutar zawo da majina ta yi wa awaki bara.

Ban faɗa wa shugaban ƙungiya ba tukuna. Wani lokaci ina ganin mai takardar sakandare irina bai kamata ya taɓa abin nan ba.

Gwadabe direba zai kawo miki wannan tare da ƙullin daddawa. Ki gaida kowa.

Naki,
Amiru.

Rano, Laraba.

Maman Hidaya,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗi da Gwadabe ya ce ya ga Hidaya tana wasa a ƙofar gida. Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyar jiki kam da ita.

Na gano abin da ya hana umarnin tashi. Makon jiya, ina gyara folda, na ga wani fayil babu ko harafi ɗaya a cikinsa, na share shi don tsafta. Ashe da shi manhajar take gane inda umarnin suke. Lukman ya turo min muryarsa yana dariya, ya ce in mayar da shi yadda na same shi, fanko. Na mayar, komai ya tashi.

Da ma bai tashi ba. Ban tsaya gwada share_maimai a kan kwafi ba, na sake shi a kan jerin gaske. Ya ce ya share layi talatin da uku. Har na yi hamdala, na fitar da jerin na aika wa Malam Ishiyaku.

Bayan azahar Halima Sadiya, mai yi mana rajista a ƙauyuka, ta shigo ta karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ta tambaye ni ina matan Fassi. Ta ce matan ba su da waya, lambar Malam Ramalan kowacce ta bayar, don shagonsa ne kusa da rijiya, shi ke faɗa musu in saƙo ya zo. Ba maimai ba ne, mutane ne. Mata ashirin da biyu, awaki casa'in da huɗu. Sauran goma sha ɗayan a Yalwa da Zurgu suke, mata masu amfani da wayar mazajensu.

Saude, Inna tana cikinsu. Shekara goma sha huɗu ina zuwa gaida mahaifiyarki, na san sarai ba ta riƙe waya. Lamba kawai na kalla, ban karanta sunayen ba. Malam Ishiyaku kuma ya riga ya tafi karɓo maganin da lissafin da na ba shi.

Kada ki faɗa wa Inna. Ni zan faɗa.

Amiru.

Rano, Alhamis.

Maman Hidaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Yaya da Hidaya. Allah ya ba ki sa'ar jarrabawar gobe.

Kin sha yi min dariya a kan kwafin da nake ajiyewa a filasha, ƙaramar na'urar ajiyar nan, kowace Lahadi. Daga shi na dawo da sunayen da safe. Na ƙirga sau uku, Halima Sadiya ta ƙirga sau ɗaya, sun cika.

Na kira Malam Ishiyaku na faɗa masa kuskurena ne, ba na kwamfuta ba. Ya ce na Yalwa da Zurgu za su shiga cikin ragowar maganin. Na Fassi kuwa ya samo ƙarin kwalba biyu da ƙyar, kowacce ta akuya hamsin. Amma in an haɗa maganin ba ya jira, sai duk matan sun tara awakinsu a filin firamare da ƙarfe bakwai. Wadda ta makara ta rasa.

Ban yarda da saƙon waya a wannan karon ba. Na hau babur na je Fassi. Na samu gida goma sha biyar, bakwai sun tafi biki Kibiya. Inna na bari a ƙarshe. Na durƙusa na yi mata bayani tun daga baƙin allo, tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, “Ni ban san allonku ba, Amiru. Ka dai zo da wuri ranar Asabar, jar akuyar nan ba ta yarda da kowa, kai za ka riƙe ta.” Ta sa aka kawo min fura. Da faɗa ta yi min da ya fi min sauƙi.

Na gaji ƙwarai, bayana kamar ba nawa ba. Ki sa mu a addu'a. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki,
Amiru.

Na gobe, ki gani, kada ki ce na ƙi kiran ki:

1. Komawa Fassi kafin masallaci, gidaje bakwai ɗin nan.
2. Ba Malam Ramalan haƙuri, saƙo ashirin da uku za su sake shigo masa kafin in gyara umarnin.
3. Faɗa wa shugaba. Duka, ba rabi ba.
4. Gyara umarnin aika saƙo: lamba ɗaya, saƙo ɗaya, da sunayen matan a ciki. A kan kwafi tukuna.
5. Tambayar Lukman yadda zan sa share_maimai ya nuna min sunaye kafin ya taɓa kowa.
6. Igiya mai ƙwari, saboda jar akuya.