Na'ana'arki ta Gindin Dutsen Alwala

Zuwa ga Habiba, 'Yar Fagam,

Assalamu alaiki. Har na ɗora biro zan rubuta cewa ina fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan, sai na tsaya na yi wa kaina dariya. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko da kina raye ma sai dai autarmu Safiya ta karanta miki, kina tsayar da ita kina cewa rubutun direba sai direba. Amma magana ta cika mini ciki, kuma ba wanda zan gaya wa ya gane sai ke. Shi ya sa na yago takarda daga tsohon littafin makarantar Safiya, na zauna a kan turminki da aka kife a gindin lemo.

Babban labari shi ne na'ana'arki tana nan da ranta. Na fara da wannan ne don hankalinki ya kwanta, domin abin da zai biyo baya ba zai yi miki daɗi ba. Na kusa kashe ta, Habiba. Wallahi saura ƙiris.

Kin san yadda ta zo gidan nan, a ƙunshe cikin jiƙaƙƙen tsumma a cikin kayan aurenki, Inna ta ciro miki daga tsakar gidanku na Fagam. Shekara ashirin da bakwai tana lungun bayan ɗakinki, ta kewaye shimfiɗaɗɗen dutsen nan, ni kuwa ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba. Ganye ne da nake gani a cikin shayina kafin in tada mota, shi ke nan. Ranar da aka yi sadakar arba'in ɗinki, Safiya za ta koma gidanta Kangire da tsohon ciki, ta roƙe ni in kula mata da ita har ta sauka lafiya, mijinta kuma ya gama katange gida, don a yanzu awaki ba za su bar mata ko ganye ɗaya ba. Na ce ta tafi kawai. Har da cika baki na yi, na ce mutumin da ya riƙe tsohuwar bas shekara talatin ba ta taɓa kwana a daji ba, ɗan ganye ne zai gagare shi?

To, ya gagare ni. Duk kwana arba'in ɗin nan da gida yake cike da mata 'yan zaman makoki, kore shar take. Da aka watse aka bar ni ni kaɗai, bazara kuma ta danno, ko mako biyu ba a yi ba ganyen ya fara lanƙwashewa, gefensa yana ƙonewa. Na ce ƙishi ne. Na ciko bokiti na kwara mata da rana tsaka, yadda nake yi wa lagireto in mota ta ɗau zafi, na kama hanyar Kano ban dawo ba sai bayan kwana biyu. Na tarar ƙasar ta bushe ta tsage, ita kuma ta ƙara kwantawa.

Sai na kai ƙara tasha, kin kuwa san 'yan tasha, ba abin da ba su sani ba a duniya. Wani ya rantse mini yunwa ce, in ba ta farin taki irin na masara. Na danƙo hannu guda na zuba mata har gindi. Kashegari rabinta ya zama ruwan ƙasa kamar an bi ta da wuta. Ban daddara ba. Na ce bari in tsirar da wani abu daga ciki, na yanke jarkar baƙin mai biyu, na wanke su tas da kananzir kamar yadda nake wanke kayan inji, na cika su da ƙasa na dasa. Ina jin daɗin kaina, wai na yi dabara. Kwana uku suka yi suka mutu, suna warin gareji. Me za ki ce da kin gani? Na san kallon nan kawai za ki yi mini ki ci gaba da tsince shinkafarki.

Abin da ya rage tsiro uku ne, sun maƙale a ƙarƙashin leɓen dutsen inda takin bai kai ba. A ranar na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da muka kai ki. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro ne ya kama ni. Gani nake in ta mutu a hannuna, na sake rasa ki, kuma wannan karon ni na jawo. Ga Safiya tana can tana jira, da wane ido zan kalle ta?

Na ɗauki fasinjan Gwaram takanas don in ga ƙanwarki Ladidi, da niyyar ta raka ni Fagam mu ciro wata a gidanku, in dasa in yi shiru da bakina. Ashe babu. Ta ce tun bayan rasuwar Inna aka gina ɗaki a wurin, ta gidan nan ita ce ta ƙarshe. Da na ba ta labarin jarkar baƙin mai, yarinyar nan ta yi ta dariya har ɗankwalinta ya faɗi, ta ce dama ta daɗe tana gaya miki kin auri inji ne ba mutum ba. Na ƙyale ta, ai ƙanwar mata ce, ta samu dama. Daga dariyar kuma sai hawaye. Da ta share fuska, ta tambaye ni ko a duk zamanmu na taɓa ganin kin ɗauki bokiti kin yi wa na'ana'ar nan ban ruwa. Na yi tunani, ban taɓa gani ba. Ta ce to a ina kike alwala?

Habiba, sai da na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. A kan dutsen nan kike alwala. Sau biyar a rana, ruwa kaɗan kaɗan, yana gangarowa daga hannunki da ƙafarki yana shiga gindinta. Ladidi ta ce haka Inna take yi, haka kakarku ta yi, a gidanku ba a barin ruwan alwala ya bi rariya, sai an sa abin da zai sha shi a ƙasa. Matan da suka zo makoki a nan suka riƙa yin tasu, shi ya sa ba ta bushe ba sai da suka tafi. Ni kuwa tun ina saurayi a famfon masallaci ko na tasha nake tawa. Shekara ashirin da bakwai ina wucewa ta gabanki kina tsugune da buta, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Wane irin ido ne da ni?

A ranar na dawo gida kafin Magariba, na ɗauko butarki a inda kika bar ta, na hau dutsen. Ya yi mini kaɗan, dunduniyata a waje take. Haka na yi alwalata ina tangaɗi, sannan na fita masallaci.

Sai dai direba ba ya wuni a gida. Asuba da Magariba da Isha'i yawanci suna samuna a nan, amma Azahar da La'asar a hanya nake yin su, kuma a lokacin ne rana ta fi gasa lungun. Na yi kwana biyu ina juya maganar, daga nan na samu shugaban tasharmu na ce na bar layin Kano, a mayar da ni na Dutse. Tun da aka ba mu jiha fasinjan Dutse ba ya yankewa, kuma tafiya ce ta je-ka-ka-dawo. Yanzu Azahar a gida take yi mini, La'asar ma yawanci haka. 'Yan tasha sun gano dalili, sun sa mini Sale Na'ana'a, kuma ina amsawa.

Nan ne maganar da ta fi yi mini nauyi. Sau nawa kika roƙe ni in koma layin Dutse in riƙa cin abincin rana a gida? Kika ce shekaru sun ja, kika ce tuwo ba ya daɗi in mutum ɗaya ke ci. Na ce miki layin Dutse na tsofaffi ne. Abin da na ƙi yi miki kina raye, ga shi na yi wa ganyenki. Ki yafe mini. Na san kin yafe tun kafin in roƙa, haka halinki yake, amma ina so in faɗa da bakina.

Kwana goma da fara alwala a kan dutsen na ga ɗan toho a jikin ɗaya daga cikin ukun. Na tsuguna ina kallonsa har na kusa rasa jam'i. Bayan nan wata ta bi ta ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo can gefe, tazarar taki ɗaya, ban san haka take tafiya ba. Kafin ruwan farko ya sauka ta fara rufe wurin da na ƙona. Yanzu in ka taka kusa ƙanshi ne ke fara yi maka sannu da zuwa.

Kuma kin san mutum in abu ya karɓe shi. Maman Bitrus, matar malamin makarantar nan maƙwabciyarmu, ta leƙo ta ga ina fama, ta kawo mini ɗoɗɗoya da ciyawar shayi daga bayan ɗakinta, ta ce ke kika ba ta na'ana'a sau biyu tana mutuwa a hannunta, kada in ji kunya. Na ja 'yar hanya da tsinke daga gindin dutsen don ruwan ya kai gare su. Tukwanenki da suka tsage, waɗanda na sha cewa a zubar, su ne na cika da ƙasa na sa albasa mai lawashi. Na koyi cewa busasshen kashin awaki da ya kwana biyu shi ne abincinsu, farin taki kuwa na bar wa masu masara. Na koyi tsinke kan na'ana'a don ta yi rassa. Lansir ne ya ƙi ni, na shuka shi cikin zafi ya fito ya kwanta, an ce in jira sanyi. Kajin maƙwabta sun yi mini ɓarna sau ɗaya, na kewaye wurin da kara, na yi masa 'yar ƙofa. Ki zo ki ga Sale direba yana rigima da kaza a kan ganye.

Akwai buhun simintin nan da na saya don in shafe lungun, lokacin da nake cewa taɓonki ne ke tara mana sauro. Kin tuna kin hau dutsen kin tsaya, kika ce sai dai in shafe har da ke? Na yi fushi na kwana biyu ba na cin abinci da daɗi. Buhun yana nan a zaure, damina ta daskarar da shi ya zama dutse, a kansa nake zama in ɗaure takalmi. Duk sanda na zauna sai na gode wa Allah da taurin kanki.

Sai maganar shayi. Ban taɓa ce miki yana da daɗi ba, sai dai in miƙo kofi a ƙara. Amma a tasha, in na buɗe fulas ɗin da kike cika mini, direbobi har layi suke yi da kofunansu, ni kuma ina ta baza hanci ina cewa duk Birnin Kudu ba mai haɗa irinsa sai matata. Su sun ji, ke ba ki ji ba. Yanzu ni nake dafawa. Na farko ya yi ɗaci don na tafasa ganyen tare da shayin, sai da Safiya ta ce sai an sauke ake jefawa a rufe. Ya fara kama hanya, amma bai kai naki ba, kuma na daina sa ran zai kai.

Na ajiye miki mai daɗin a ƙarshe. Safiya ta sauka lafiya, mace, an sa mata sunanki, Ummi ake kiranta. Tana da goshinki. Ranar suna na ciro na'ana'a da saiwarta, na ƙunshe a jiƙaƙƙen tsumma kamar yadda Inna ta yi miki, na ɗora a kujerar gaba, ban ɗauki fasinja a wurin ba har Kangire. Na shirya dogon bayani zan yi wa Safiya a kan yadda ake kula da ita. Ko tsayawa ji ba ta yi ba. Ta karɓa ta zaga bayan ɗakinta, ta tona rami a gefen wani dutse da na ga buta a kansa, ta dasa. Ashe ita ta sani tun tana yarinya. Ni kaɗai ne baƙo a gidana.

Lafiyata ƙalau, kada ki damu. Matar ƙanena tana aiko da tuwo, gishirinta ya fi naki yawa amma ba na magana. Lemon ya yi 'ya'ya bana har reshe ya karye. Kewarki tana nan, ba ta tafi ko'ina ba, sai dai ta daina shaƙe ni. Sau biyar a rana ina tsugunawa inda kika tsuguna, in yi miki addu'a kafin in miƙe, ruwan kuma ya gangara inda kika saba aika shi.

Ga ladan ya kira La'asar, bari in ɗauki butar. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa duk ganyen da ya fito a lungun nan ya zama lada gare ki da Inna. Sai na zo.

Ni ne mijinki,
Sale direba, wanda har yau dutsenki ya yi wa ƙafarsa kaɗan.