Jariri Mutum ne Tun Kafin Ranar Suna

Zuwa ga Shugaban masu kula da shafin rajistar jarirai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti kusa da Kasuwar Daji. Tun shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara nake karɓar haihuwa. Da kuka kawo mana kwamfuta na yi murna ƙwarai, don gara ta sha cinye mana littattafai.

Ranka ya daɗe, ga kukana.

Na ɗaya, shafinku ba ya karɓar jariri sai an cika gurbin suna. In na bar shi fayau na danna ajiyewa, sai ya yi mini jan rubutu. Mu kuwa nan ba a raɗa suna sai kwana bakwai, alhali allurar rigakafi ta farko ranar haihuwa ake yi. Na gwada rubuta "Jariri". Ya karɓi na farko, na biyu ya ce an riga an shigar da shi, sai ka ce mace ɗaya ke haihuwa a rana!

Na biyu, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙanwata Hajara ta haihu a hannuna, ta koma Kurya Madaro da 'yarta kafin suna. Shafi ya ƙi yarinyar, don haka ba ta fito a jerin waɗanda za a bi da allura ta biyu ba. Ni da na yanke mata cibiya, ni ma na sha'afa. Sai da tarin shiƙa ya kama ta aka kawo mana ita tana haki. Wallahi kunya da baƙin ciki sun ishe ni ranar. Allah ya taimaka ta warke.

Roƙona kaɗan ne. Kowace uwa tana da lamba a wurinku. Ku bari mu rataya jariri a lambar uwarsa, gurbin suna ya jira a yanka rago. Wanda ya iya gina shafin nan, na tabbata wannan ba zai gagare shi ba.

Allah ya ƙara muku basira, ya saka da alheri. Yarinyar ta ci suna Maryam, har ta fara zama. Amma ranar da aka haife ta na ɗauke ta tana tsala kuka, ba ta da suna, kuma mutum ce.

Wassalam.

Taku,
Asabe ungozoma