Ƙorafi a Kan Motar da Ta Koyi Shan Gazuwal

Daga:
Alhaji Abdulbaƙi Salim Maiturare,
Layin Mahauta, Grand Marché,
Mazaunin unguwar Bololo, N'Djamena.

Zuwa ga:
Mai girma Alhaji Zubair Ɗan'azumi,
Shugaban Ƙungiyar Makanikai Hausawa Mazauna N'Djamena,
Ofishin Ƙungiya, Ambassatna.

Litinin, 26 ga Mayu, 2025.

Game da: Ƙorafi a kan Malam Junaid bakanike, ɗan ƙungiyarku, dangane da binciken da ya yi wa motata da abin da binciken ya jawo mini.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da sauran 'yan ƙungiya, ina neman izinin gabatar da kukana a gabanka. Ni ne mai suna a sama. Maiturare sunan mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Ni nama nake sayarwa, na kuma faɗi haka ne don kada a aika mini da amsa layin turare kamar yadda aka saba.

Ina da mota a-kori-kura mai amfani da man dizal, wanda a nan muke ce wa gazuwal. Shekara goma sha ɗaya ke nan Malam Ya'akubu direba yake tuƙa mini ita. Kullum da safe yakan ɗauko nama daga mayankar Farcha ya kawo kasuwa, ya raba wa gidajen abinci shida, ya komo. Hanyar ba ta canzawa. Lita arba'in tana kai mu kwana goma cif, kuma tun da na sayi motar ba ta taɓa saɓa wannan alkawari ba, sai a watan jiya. Ga yadda abin ya faru:

1. Ranar Litinin, 7 ga Afrilu, na sa aka kai motar garejin Malam Junaid da ke Ambassatna domin a canza mata takalman birki na baya. Lafiyarta lau ta je, ban da ƙarar da birkin yake yi. Malam Junaid ya yi aikin waya tana kunnensa, kofin shayi yana gefensa. Da ya gama ya shaida mini a gaban mutane cewa ya ɗaure birkin nan ɗaurin da jikokina za su gada. Na yi masa godiya.

2. Ranar Litinin, 14 ga Afrilu, kwana bakwai da zuba mai, Malam Ya'akubu ya zo rumfata ya ce tanki ya kusa bushewa. Na ce kwana uku sun rage. Ya ce shi ma ya san kwana uku sun rage, motar ce ba ta sani ba. Ya ƙara da cewa tun da aka dawo da ita daga gareji take jan ƙafa, idan ya ɗaga ƙafarsa daga totur sai ta lafa kamar an riƙe mata wutsiya, kuma yana jin wani ƙauri daga baya. Ina roƙon mai girma Shugaba ya riƙe wannan bayani, domin ni ban riƙe shi ba.

3. Ranar Laraba, 16 ga Afrilu, muka koma garejin tare. Malam Ya'akubu ya maimaita bayaninsa duka. Malam Junaid bai bari ya kai ƙarshe ba. Ya ce direba aikinsa sitiyari, bincike kuma na masu sifana ne. Game da ƙaurin, ya ce motar da take ɗaukar tumbi da ƙafar saniya kullum ba ta da hurumin yin ƙorafi a kan wari. Ya buɗe gaban motar, ya ciro filtar iska, ya buga ta a gwiwarsa, ƙura ta tashi, ya dube mu kamar ya kama ɓarawo. Aka sa sabuwa. Motar ta sha lita arba'in ɗinta a kwana bakwai kamar ba a yi komai ba.

4. Ranar Laraba, 23 ga Afrilu, muka sake komawa. A wannan karon ya ce nozul ne, wato bakunan da suke fesa mai cikin inji, sun buɗe suna zubarwa. Na tambaye shi cikin ladabi ko ba a ganin baƙin hayaƙi idan nozul ya lalace, domin salansar motata ba ta fitar da komai. Ya ce akwai hayaƙin da ido ba ya gani. Ni ba bakanike ba ne, na bar shi ya canza su duka huɗu. Motar ta kwana biyu a garejin, ni kuma na yi hayar kura ana turo mini nama daga bakin titi, abokan sana'a suna tambayata ko na shiga wani hali ne in faɗa musu.

5. Ranar Laraba, 30 ga Afrilu, ya canza filtar mai, ya wanke tanki, ya ƙara wa tayoyin gaba iska, ya kuma kwance famfon mai ya shimfiɗa kayan cikinsa a kan tabarma kamar mai talla. Ina shaida wa mai girma Shugaba cewa a duk zuwan nan uku Malam Junaid bai zagaya bayan motar ba sai sau ɗaya, shi ma don ya ɗauko tabarmar ne.

6. Wannan shi ne babban kukana. Ranar Litinin, 5 ga Mayu, na je garejin ni kaɗai. Malam Junaid ya ja ni gefe, ya rage murya, ya ce ya bincika injin nan ciki da waje, babu abin da ya rage. Ya ce a shekarunsa na aiki ya lura cewa idan mota lafiyayya ta fara shan mai, to ba ita kaɗai take sha ba. Ya ce shi bai ambaci sunan kowa ba, amma in duba bakin titi in ga yawan kwalaben man da ake sayarwa, in tambayi kaina daga ina suke fitowa. Bai ambaci suna ba, gaskiya ne. Sai dai mutum ɗaya ne yake tuƙa motar.

7. Abin da ya biyo baya ina rubuta shi ne da kunya, amma ƙorafi ba ya cika sai da gaskiya. Ranar Laraba, 7 ga Mayu, na ɗauki ɗan kilando, wato mai babur na haya, muka bi motata a baya tun daga Farcha. Na naɗe fuskata da rawani, ni da ban taɓa naɗa rawani ba. Shekarata hamsin da takwas, nauyina kuma sananne ne a layinmu, har mai babur ɗin ya nemi in daina leƙe don muna karkacewa. Malam Ya'akubu ya tsaya wuri takwas: gidajen abinci shida, masallaci, da wurin mai burodi. A wurin mai burodin ya sauko, ya tako har inda muka laɓe, ya gaishe ni, ya tambaye ni ko in shigo gaba in zauna tunda hanyarmu ɗaya. Na ce ina da wani uzuri. Ya ce to, Allah ya kiyaye hanya.

8. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, domin maganar Malam Junaid ta riga ta zauna. Ranar Juma'a, 9 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci, na tambayi Malam Ya'akubu a gaban rumfata, mutane suna ji, ko akwai abin da yake so ya faɗa mini game da man motar.  Sai ya ciro makullin motar daga aljihu, ya ajiye a kan teburin nama, ya ce: "Alhaji, shekara goma sha ɗaya ina ɗauko maka nama, ko tsoka ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. Ban san gazuwal ya fi nama daɗi ba." Ya yi sallama ya tafi. Wannan mutum shi ya kai uwargidana asibiti haihuwar 'ya'yanmu uku, shi ya ɗauki gawar mahaifiyata.

9. Daga ranar na koma tuƙa motar da kaina. Makulli yana aljihuna, na sa wa murfin tanki kwaɗo, ba wanda yake kusantarta. Ta sha lita arba'in a kwana shida. Da a ce ni ma'aikacin wani ne, da an kore ni.

10. Ranar Asabar, 17 ga Mayu, na dawo gida da azahar na ajiye motar a ƙofar gida. Uwargidana, Hajiya Fiddausi, ta fito da ruwan wanke-wanke ta watsar, ya sauka a kan ƙarfen tayar baya ta hagu. Ƙarfen ya yi cuu, tururi ya tashi kamar an zuba ƙullu a tanda. Ta koma ta ɗebo wani ruwan ta watsa wa sauran tayoyin uku, ba wadda ta ce uffan. Ta kira ni ta nuna mini, ta ce ita ba ta san mota ba, amma ta san murhu, kuma duk abin da ya yi wannan zafi to wani abu yake ci. Ta kuma tuna mini cewa Malam Ya'akubu ya yi maganar ƙauri tun farko. Sauran abin da ta faɗa bai shafi ƙungiyarku ba.

11. Ranar Litinin, 19 ga Mayu, na kai motar wurin Malam Abakar, wani dattijon bakanike a nan Bololo. Bai buɗe inji ba. Ya sa jak ya ɗaga tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana juya su da hannu. Uku suka juya. Ta huɗun ta ƙi, har sai da ya sa ƙafa. Da ya kwance sai ga takalman birkin an ɗaure su sun manne da ƙarfe, sababbi amma sun cinye saura kaɗan, gefensu ya ƙone. Ya yi mini bayani cewa mako shida motar tana tafiya da birki a kame, injin yana ja, taya tana riƙewa, man kuma a nan yake ƙarewa. Binciken duka bai kai minti goma ba. Ya sassauta, ya sa wasu takalman. Yau kwana bakwai da zuba mai, allurar tanki tana inda take zama a da.

12. Ranar Laraba, 21 ga Mayu, na kai wa Malam Junaid ƙonannun takalman a leda. Ya jujjuya su, ya ce lallai aikinsa ne, kuma ko yanzu a duba a ga irin riƙon da suka yi. Da na tuna masa maganar da ya yi a kan direbana, sai ya ce shi bai ambaci suna ba.

Ranka ya daɗe, ba na zargin Malam Junaid da mugunta. Shekaru muna hulɗa, naman sunan ɗansa ma daga rumfata aka ɗauka. Kuskuren ɗauri kowa yana iya yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne bakanike ya rasa gano ciwon mota sai ya ɗora wa mutum. Na kuma san nawa laifin: shi ya yi zato, amma ni na buɗe baki a gaban jama'a.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya, cikin girmamawa, abubuwa kamar haka:

Na farko, a kira Malam Junaid a zaunar da shi, ya faɗa da bakinsa a gaban shugabanni cewa birki ne ya sha man, ba mutum ba, a kuma rubuta a ba ni takarda mai hatimi.

Na biyu, ya dawo mini da tsofaffin nozul ɗina guda huɗu, waɗanda Malam Abakar yake kyautata zaton lafiyarsu ƙalau, kuma na hango su a kan kantar garejin an goge su an jera.

Na uku, a ja hankalin 'yan ƙungiya cewa idan direba ya ce mota tana jan ƙafa, a saurare shi, a kuma taɓa tayoyi kafin a taɓa mutuncin kowa.

Na huɗu shi ne mafi nauyi a wurina. Sau biyu ina zuwa gidan Malam Ya'akubu. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya shimfiɗa mini darduma, ya sa aka kawo shayi, ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Da na ɗauko maganar mota sai ya tambaye ni ko a ƙaro sukari. Babbar Salla saura kwana kaɗan, aiki ya yi yawa, jiya kuma na goge wa motar gefe a ƙofar kasuwa. Amma ko da ba zai dawo aiki ba, ina so ya ji gaskiya a inda ya ji ƙarya. Don haka nake roƙon mai girma Shugaba, a matsayinsa na dattijon da Malam Ya'akubu yake jin nauyinsa, ya taimaka ya kira shi, ya kuma rako ni da Malam Junaid zuwa rumfata ranar Juma'a mai zuwa bayan masallaci, a gaban mutanen da suka ji tambayar da na yi. Malam Junaid ya faɗi nasa, ni ma in faɗi nawa. Makullin da ya ajiye a kan teburin yana nan a aljihuna, ban san yadda zan miƙa masa shi ni kaɗai ba.

Na haɗa da ƙonannun takalman birkin a cikin leda domin ƙungiya ta gani da idonta. Ina neman afuwa idan ledar tana ɗan ƙamshin nama.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci, ya sa a gama lafiya.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Alhaji Abdulbaƙi Salim Maiturare
Layin Mahauta, Grand Marché, N'Djamena.